Yadda Na Cinye Farfesun Mai Jiran Tiyata

Abubuwa da yawa na karatun jinya sun zube daga kaina, amma akwai rana ɗaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so, domin waɗanda suka shaida ta ba su da niyyar barina in manta. Ranar ce na durƙusa a bakin gadon wani dattijo mai jiran tiyata, sanye da fararen kayan ɗaliban jinya, na shanye masa kunu, na cinye masa farfesu, yana kwance yana kallona da busasshen leɓe. Kafin mai karatu ya yanke mini hukunci, ina roƙon ya bari in faɗi yadda aka yi, ko da yake na lura duk lokacin da na yi bayanin nan, abin ƙara muni yake yi.

Lokacin ina aji uku a jami'a, a nan Kaduna. Mutanen layinmu a Unguwar Dosa sun ɗauka karatun nas bai wuce koyon allura da ɗaure ciwo ba. Wani abokin babana ma ya taɓa tambayata wai me ake koya mana har na shekara biyar, shi da ya san mai kemis ɗin da ya iya allura kafin ya gama sakandare. Maganar nan ta tsaya mini a rai, don ni na san wuyar da nake sha. Shekarar farko ko ƙofar asibiti ba mu leƙa ba, sai kemistiri da fiziks da lissafi, kamar masu shirin zama injiniyoyi. Muna shiga aji biyu aka jibgo mana sanin sassan jikin mutum, ƙashi bayan ƙashi, jijiya bayan jijiya, da yadda kowace gaɓa take aikinta, duk da sunayen Latin masu karya harshe. A aji uku kuma ga ilimin magunguna, ga na ƙwayoyin cuta, ga jinyar masu tiyata. 'Yan gaba da mu na ta tsorata mu da cewa ba mu ga komai ba, sai mun kai karɓar haihuwa da jinyar masu taɓin hankali, an kuma tura mu ƙauye wayar da kan jama'a.

Ni kuwa Allah ya ba ni kan hadda (na yi Islamiyya a hannun malamin da ba ya maimaita ƙari), don haka na yi suna a ajinmu. In aka tambayi hanyar da jini ke bi daga zuciya ya dawo, kafin malami ya rufe baki hannuna yana sama. Har wani taku na ƙirƙiro, na mai nauyin ilimi, ina rataye da abin awon ƙirji a wuya ko shagon siyan burodi za ni.

A cikin duk wannan akwai wani ɗan kwas da na raina, na yadda ake magana da mara lafiya da danginsa. Malama Ladi ce take ɗaukar mu, wata dattijuwa gajeriya da ta yi shekaru tana aikin nas kafin ta koma koyarwa. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma cika rubutu a allo ba. Sai dai ta fito da ɗalibai biyu gaban aji, ta ce wannan shi ne nas, wannan kuma magidanci ne da ya ce lallai yau sai ya tafi da matarsa gida ko an sallame ta ko ba a sallame ta ba, to ku yi mu gani. Ni sai in koma kujerar baya in buɗe littafin magunguna. Wata rana ta kama ni, ta tambaye ni ko darasin nata bai ishe ni kallo ba ne. Na miƙe cike da rawar kai na ce, "Malama, mu da muka tashi muna gaida mutane tun muna rarrafe, sai an koya mana magana a jami'a?"

Aji ya yi dariya. Ita ma ta ɗan murmusa ta ce, "Gaisuwa kam ka iya, na ji ka. Zauna."

Ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Bayan 'yan makonni aka fitar da mu aikin koyo a asibiti, aka ajiye ni a ɗakin maza na masu tiyata. A nan na tarar da Baba Mamman kwance. Maƙwabcin shagon babana ne a Babbar Kasuwa, shadda yake sayarwa, kuma a gabansa na girma. Ciwon ƙaba ya daɗe yana damunsa, har ta kai ya daina zuwa kasuwa, salla ma a zaune yake yi. An taɓa sa masa ranar aiki, jininsa ya hau, aka mayar da shi gida. Yana gidan ƙabar ta murɗe masa, aka kawo shi ranga-ranga, da ƙyar ta saki. Likitoci suka ce wannan karon ba abin ɗagawa ba ne kuma, don in ta sake murɗewa ba lallai a yi sa'a irin ta farko ba.

Ranar aikin, tun daren jiya aka hana shi ci da sha, kamar yadda ake yi wa duk mai shiga tiyata. An ce da safe za a ɗauke shi, sai aka kawo masu haɗarin mota, aka fara da su. Hantsi ya ɗaga, rana ta fara zafi, Baba Mamman yana kwance yana jan carbi, leɓensa ya yi fari. Sistar da ke kula da ɗakin za ta raka wani mara lafiya ɗaukar hoto, ta kira ni ta ce, "Tunda ka ce babanka ne, ka sa ido. Ko ruwa kada ya shiga bakinsa." Na ce kada ta damu. Har na so in karanto mata dalilin dokar, ta wuce ba ta tsaya ba.

Ko minti biyar ba a yi ba na ji wata murya a bakin ƙofa tana sallama, muryar da tun ina yaro in na ji ta nake gyara zama. Gwaggo Asabe ce, yayar Baba Mamman, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ce kuma ta yi wa uwata zaman jego lokacin da aka haife ni, ita ta yi mini wankan farko, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. A iya sanina, babu wanda ya taɓa ce mata a'a ya kwana lafiya. Lokacin dubiya bai yi ba, amma daga baya na ji cewa da mai gadi ya tare ta, tambayarsa ta yi ko shi ba uwa ce ta haife shi ba, ya buɗe mata ƙofa har da riƙe mata kwando. Tun daga Rigasa ta taso da kwandon nan, fulas a ciki da kula.

Na zube ƙasa na gaishe ta. Ta amsa sama-sama, idonta yana kan ƙaninta.

"Mamman, haka suka mayar da kai? Dubi bakinka."

"Da sauƙi, Yaya," in ji shi.

"Me ka ci yau?"

"Ai... ba a kai ga ci ba tukuna."

Ta juyo kaina a hankali. "Kai ɗan Mairo, kana nan tsaye da farin kaya aka bar babanka da yunwa har rana ta yi haka?"

Na ce, "Gwaggo, ai likita ne ya ce..."

"Likita ya ce a yanka mutum ciki wayam? Da wane ƙarfin zai tashi? Ko rago za a yanka ai ana ba shi ruwa."

Ta buɗe fulas, ƙamshin kunun gyaɗa ya cika ɗakin. Ta tsiyaya a kofi. Na dubi Baba Mamman, ina sa ran shi da kansa zai ce mata an hana shi, tunda an yi masa bayani ya kuma gane. Sai na ga shi ma ni yake kallo, da ido irin na mai neman ceto. Dattijo mai jikoki, wanda ke tsawata wa dillalai a kasuwa, amma a gaban yayarsa ya koma yaron da take yi wa wanka. Na tabbata in kofin nan ya kai bakinsa sai ya sha.

To ga abin da har yau nake juyawa a raina. Na san dalilin dokar nan sarai. Na san idan aka sa wa mutum maganin barci, tsokar da ke tsare ƙofar tumbi tana saki, abin da ke ciki ya iya tasowa ya faɗa huhu, mutum ya shaƙe ko huhun ya ƙone. Na zana wannan a jarrabawa, da kibiyoyi da launi, na ci maki mai kyau. Amma duk da Turanci yake zaune a kaina. Na laluba in juyo shi Hausa, irin Hausar da ake yi wa Gwaggo Asabe a durƙushe, na rasa ta inda zan kama. Abin da ya rage mini shi ne in ce "a'a, kada ki ba shi," kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa haɗa waɗannan kalmomi a gaban babba ba. Akwai wata nas a can ƙarshen ɗakin tana wanke wa wani ciwo, da na kira ta da an gama magana. Ban kira ta ba, don kada a ce gwanin aji ya kasa da tsohuwa ɗaya.

Sai na miƙa hannu biyu na ce, "Gwaggo, kawo in fifita masa, da zafi."

Ta ba ni, har da sa mini albarka. Na yi ta fifita kunun nan, ina juya kofi, ina leƙen ƙofa ko Sista za ta dawo. Na fifita har ya fara yin fata a sama.

"Kai, ya isa haka, sai ya zama ƙanƙara? Ba shi."

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini dabara. Na gyara murya, na sa fuskar ma'aikaci, na ce ai dokar asibiti ce, duk abincin da aka kawo daga gida sai ma'aikaci ya ɗanɗana, a ji ko sukari ya yi yawa.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "To ɗanɗana."

Na kafa kai, ban sauke ba sai da na ga gindin kofi.

"Wannan ɗanɗanawa ce ko sha?"

"Ai a ƙasa sukarin yake kwanciya, Gwaggo, sai an kai can."

Ta dube ni, ta dubi kofin, ta sake tsiyayawa. Na sake miƙa hannu, na ce kowane kofi da nasa ɗanɗanon. (Ina rantsuwa ban san daga inda maganganun nan suke fitowa ba. Mutumin da ya kasa haɗa gaskiya guda ɗaya, ga shi ƙarya tana zubo masa kamar famfo.) A lissafina, in fulas ya ƙare, magana ta ƙare. Da na kai kofi na gaba, sai na ga fuskar Gwaggo ta sauya, tausayi ya shigo ta.

"Ɗan nan, in yunwa kake ji ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Ashe ku ma ba sa ba ku abinci a nan. Sha abinka, shanye duka. Dama farfesun ne na yi don Mamman."

Na manta shaf da kular.

Na shanye kunun, cikina ya yi tam. Ta buɗe kula, farfesun kayan ciki ne, mai ya taso a sama ja wur, tururi yana tashi. Ta zuba a kwano, ta ɗebo a cokali ta nufi bakin ƙaninta. Na yi wuf na tare da cewa gishiri fa, Gwaggo, kin san jininsa yana hawa. Wannan aƙalla akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ta miƙo mini kwanon ba musu, ta riga ta saba da dokar. Na kurɓi romo, yaji ya sarƙe ni, na ce gaskiya gishirin ya ɗan fito. Ta ce ita da hannunta ta sa, ɗan kaɗan ne, amma ba komai, a bar romon, ga nama. Ta tsamo hanta, na karɓa na ce hanta tana riƙe gishiri. Ta tsamo hanji, na ce shi ma haka. Kowane yanki na gane shi, na san sunansa na Latin da aikin da yake yi a jikin mai shi, ina taunawa hawaye na zubo mini, gumi ya jiƙa mini wuyan riga. Baba Mamman ya rufe ido, maƙogwaronsa na motsi, yana haɗiyar yawun da ba shi da shi.

Mutumin gadon kusa, wani direba da shi ma tun jiya yake jiran a kira shi, ya ɗago kai ya ce, "Likita, don girman Allah a ɗan juya mana baya. Mu ma azumin muke yi."

Na kusa ganin ƙarshen kwanon, na jefa wani yankin tumbi a baki, sai na ji ƙarar gadon turawa da takun mutane da yawa. Kafin su shigo na tura kwanon kan 'yar durowar gefen gadon Baba Mamman, na miƙe tsaye, na rufe baki, na maida hannu baya. Likitar maganin barci ce a gaba, ta zo duba shi kafin a ɗauke shi. A bayanta ga Sista, ga masu tura gado, ga kuma Malama Ladi da ta zo zagayen duba ɗalibai, da 'yan ajinmu biye da ita riƙe da littattafai.

Likitar ta tsaya cak. Ta dubi fulas a buɗe, ta ɗaga shi ta ji ba nauyi. Ta dubi kofi, ta dubi kwano da ɗan sauran romo, ta dubi Gwaggo da cokali a hannu.

"Wa ya ba shi abinci?"

"Ban ci ba, likita," in ji Baba Mamman.

"Baba, kowa haka yake cewa. Ga kwano a gabanka." Ta rufe fayil ɗinsa, ta juya ga masu tura gado. "Ku koma da gadon. Ba zan sa masa magani a kan wannan ba, ba zan yi wasa da ransa ba. Sai an sake ba shi rana."

Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta faɗi irin yadda ta Baba Mamman ta faɗi ba. Ya juya kai wajen bango, carbin ya zame daga hannunsa. Sake ba shi rana yana nufin komawa gida da ƙabar nan, a yi ta zaman jiran ko za ta murɗe. Ni kuma ina tsaye a gefe, babu wanda ya ko kalle ni. Da na yi shiru da laifin ya tafi kan tsohuwar da ta shigo da abinci ba a lokacin dubiya ba, in fita da farin kayana da sunana. Ba zan ɓoye ba, tunanin ya zo mini, ya ma ɗan zauna. Ga kuma tumbin nan a bakina, ya ƙi taunuwa.

Na haɗiye shi a haka, na ji saukarsa har ƙasa. Na ce, "Ni ne."

Likitar ta juyo. "Kai ne ka ba shi?"

"A'a. Ni ne na ci."

"Ka ci me?"

"Kunun. Da farfesun."

"Duka?"

"Duka, ranki ya daɗe."

Sai Gwaggo, wadda sai yanzu ta gane ana tuhumar ƙaninta da cin abinci, ta miƙe don ta wanke shi.

"Wallahi 'yar nan, ko cokali ɗaya yaron nan bai bar wa ɗan'uwana ba. Fulas guda na kunu, shi kaɗai ya tashi da shi. In na tsamo nama ya karɓe, in na tsamo ya karɓe. Wai doka ce. Ni dai tausayinsa ne ya kama ni."

"Ni shaida ne," in ji direban gadon kusa. "Tun da nake ban taɓa ganin ma'aikaci mai ƙwazo irinsa ba. Ko numfashi ba ya yi."

Malama Ladi ta ɗaga yatsa ta nuna ƙirjina. Na duba. Jan mai ya zana layi tun daga aljihu har maɓallin ƙasa, ya bi ta kan abin awon ƙirjin da nake taƙama da shi.

Wata 'yar ajinmu ce ta fara, ta toshe baki da littafi, sai abin ya ɓalle. Sista ta juya baya kafaɗunta na rawa. Wani da aka yi wa aiki shekaranjiya ya dafe ɗinkinsa yana roƙon a yi masa rai a daina ba shi dariya. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai da irin cikin da na yi ba na jin ramin zai ɗauke ni. Likitar ta sa Baba Mamman ya buɗe baki, ta ga harshensa a bushe ƙamas, ta sake tambayarsa tsakaninsa da Allah, ya amsa. Ta daɗe tana kallona kafin ta buɗe fayil ɗin ta ce a ɗauke shi.

Da aka fita da shi, Gwaggo ta koma ta zauna tana share ido da bakin mayafi. Malama Ladi ta je gabanta ta rage tsawo, duk da shekarunta, ta gaishe ta da gajiyar hanya, ta tambaye ta daga ina ta taso, ta yaba ƙamshin farfesun. Sannan ta ce, "Mama, kin san abin da ya sa muke hana su ci? Idan an sa wa mutum maganin barci, ba idonsa kaɗai ke barci ba, har ƙofar cikinsa barci take yi. To in akwai abinci, sai ya taso ya bi hanyar numfashi, shi kuma ba ya farke balle ya yi tari. Ƙarfin da kike so ya samu, ta ƙarin ruwa muke ba shi. Naki abincin yana nan zuwa, in hanjinsa ya farka ke za mu nema, ki fara masa da kunu marar kauri."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Gwaggo ta yi salati, ta dafe ƙirji.

"To me ya hana a gaya mini haka tun farko?" Ta juyo kaina. "Kai ɗan Mairo, ka san wannan?"

Na ce na sani.

"Ka sani, ka bar ni ina ɗebowa ina kai wa bakinsa? Da ka juya baya fa? Da fitsari ya kama ka ka fita fa, da hannuna zan kashe Mamman ke nan?" Ta nuna kanta da yatsa. "Ni ka ɗauka marar hankali, wadda ba za a yi wa bayani ta gane ba, sai dai a yi mata wayo kamar yarinya?"

Dariyar da aka yi mini ba ta yi mini zafin wannan ba. Na tsaya ina ta tunanin ladabi ne ya hana ni magana, sai ga wadda nake yi wa ladabin ta kira abin da sunansa. Tsoronta na ji, gaskiya ne, amma a ƙarƙashin tsoron akwai raini. Na riga na yanke a raina cewa abin da na karanta ya fi ƙarfin kanta, alhali ni ne ban iya shi ba har yadda zan faɗe shi da harshen gidanmu. Na durƙusa na ba ta haƙuri, kunun yana yi mini kai-kawo a ciki.

A baranda Malama Ladi ta tsayar da ni. Na sunkuyar da kai ina jiran ruwan faɗa. Sai ta ce, "Na ga ka yi ƙoƙarin kare shi, kuma ka faɗi gaskiya lokacin da take da tsada. Amma cikinka ba zai ɗauki kulolin Kaduna duka ba. Je ka canja riga."

An yi wa Baba Mamman aiki lafiya, kafin la'asar an dawo da shi. Labarina kuwa ya riga ni isa gida. Uwata ta tare ni a tsakar gida tana tambaya ko ta taɓa barina da yunwa da zan je in tozarta ta a gaban Gwaggo Asabe. A kasuwa, 'yan layin shadda suka daina tambayar babana yaya karatun likita, suka koma tambayar yaya cikin likita. Da muka koma aji, Malama Ladi ta shigo da tsohon fulas a hannu, ta ja kujera gaban allo, ta yafa ɗankwali, ta ce yau ita ce tsohuwa, a fito mata da nas. Ba ta kira suna ba, ajin gaba ɗaya ne ya juyo yana kallona. Na fita na yi, ta ce na yi tsawa. Na sake, ta ce na yi lakca. Na sake, ta ce Turanci ya yi yawa, ta miƙo mini kofi ta ce ko zan ɗanɗana. Ban taɓa shan wuyar darasi irin wannan ba, har da na ƙasusuwan tafin hannu, kuma daga ranar na bar kujerar baya.

Kafin a sallami Baba Mamman, wata ranar da yamma na shigo ɗakin na tarar da Gwaggo tsaye a kan wani sabon mara lafiya da aka kwantar don aikin gobe, wanda likita ya ce a tsayar masa da abinci tun daga ranar saboda irin aikin da za a yi masa a hanji. 'Yan'uwansa sun zo da fura a jug. Ta riƙe hannun matarsa tana yi mata bayanin ƙofar ciki da barcinta, tiryan-tiryan, har da ƙarin da Malama Ladi ba ta yi ba. Ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Matar ta rufe jug ɗin, ta ce to yanzu furar fa, ga ta an dama, za ta lalace.

Gwaggo ta waiga ta hango ni a bakin ƙofa.

"Ba za ta lalace ba," in ji ta. "Ga ma'aikacin da ke ɗanɗanawa can ya iso."

Yanzu na yi shekaru ina aikin nas, kuma kullum sai na tare kula a bakin gado. Nakan rage tsawo, in yi gaisuwa, in yabi ƙamshin, sannan in faɗi gaskiya. Sababbin ɗalibai in sun zo suna zuba mini sunayen Latin nakan saurara har su gama, sai in ce to yanzu a faɗa mini shi yadda za a faɗa wa gwaggo. Wanda ya iya, ya iya karatunsa. Wanda ya kasa kuwa, nakan ba shi shawarar da na saya da mutuncina: ko dai ya koma ya koya, ko ya riƙa zuwa aiki ba tare da ya karya ba.